Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Daraktan Kiwon Lafiya Na Jihar Damagaram A Kan Hasken Rana Da Fatar Zabaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, na rubuto ne a kan wata cuta da ba a yi mata gangami. Ba ta yaɗuwa kamar sanƙarau, ba ta cika gadajen asibiti da damina kamar zazzaɓin cizon sauro, don haka ba a jin ƙararta. Ina nufin ɓarnar da hasken rana yake yi wa fatar ɗan Adam, musamman fatar zabiya. Ni tsohon ma'aikacin jinya ne, na yi aiki a ƙauyukan jihar nan kafin in huta in dawo unguwar Birni a Zinder. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a domin iyaye da malaman makaranta da masu gidajen rediyo su ma su ji, tun da rabin aikin a hannunsu yake.

Buƙatata ba ta da yawa. A ɗauki man kariya daga rana a matsayin magani, a riƙa ba kowane zabiya kyauta a cibiyar lafiya mafi kusa da shi, kuma duk ranar da ya zo karɓa a duba fatarsa.

Mu a Damagaram in an ce rana, zafi ne yake faɗo mana a rai: watan Afrilu da Mayu, lokacin da duwatsun Birni suke fitar da huci har bayan isha'i, ma'auni ya haura 40, ruwa ya yi wuya. Amma abin da ke lalata fata dabam yake da zafin da jiki ke ji. Wani sashe ne na hasken rana da ido ba ya gani, fata ma ba ta jin saukarsa, shi ne ake kira UV. Kashi uku ne. UVC, wanda ya fi muni, iskar ozon ta sararin sama tana shanye shi tun bai iso ƙasa ba. UVA da UVB su ne suke iso mu, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na abin da ke isowa UVA ne. Shi wannan yana nitsewa can cikin fata, yana tsinka zaruruwan da suke riƙe ta, sai ta saki ta yamutse tun shekaru ba su kai ba, kuma gilashin taga ko na mota ba ya tare shi duka. UVB bai kai shi yawa ba amma ya fi shi dafi. Shi ne yake ƙona fata, shi ne kuma yake taɓa DNA, wato rubutun gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta. Jiki yana gyara mafi yawan wannan ɓarna cikin awoyi, amma ba duka ba. Ɗan abin da ya kuɓuce yau ya haɗu da na gobe, shekara ta hau kan shekara, wata rana ƙwaya ɗaya ta ƙi bin doka ta shiga hayayyafa. Daga nan ciwon daji yake farawa. Tun 1992 hukumar binciken ciwon daji ta ƙasa da ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa hasken rana a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wannan ciwo.

Ga inda mutanenmu suke ruɗuwa. Zinder tana kusan daraja 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka sau biyu a shekara rana take tsayawa cak a tsakar kanmu: ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Na Afrilu kowa ya san shi, kowa yana neman gindin dogon yaro. Na Agusta shi ne mai yaudara. Gari ya yi sanyi, hadari yana yawo, iska tana kaɗawa, gero ya yi kore, kowa yana gona tun safe yana maimai, har ƴan yara. Alhali gajimare mara kauri yana iya barin kusan kashi 80 cikin 100 na hasken UV ya ratsa. Mutum ba ya jin ƙuna a lokacin, sai bayan awoyi fata take yin ja, washegari ta tashi da bororo. Rairayi kuma yana maido da kusan kashi 15 cikin 100 na hasken daga ƙasa, shi ya sa wanda ke zaune a inuwa a fili irin na Tanut ko Gure bai tsira gaba ɗaya ba. Akwai ma'aunin UV na duniya da ke farawa daga sifili: daga 3 ana buƙatar kariya, 8 zuwa 10 ya yi tsanani, 11 zuwa sama ya kai maƙura. A yankinmu, in sama ta yi garau, tsakar rana tana kai 11 har ta wuce a watanni da dama, ko cikin sanyin Disamba ma da wuya ta sauko inda za a ce babu haɗari.

Masana suna ba da wata dabara mai sauƙi: in inuwarka ta fi ka gajarta, hasken yana da ƙarfi. Wannan ba ya buƙatar bita a wurinmu, domin kowane ladan da inuwa ya san shigar la'asar. Sai a ce wa uwa: daga hantsi har a kira la'asar, kada yaron nan ya zauna a rana.

Mafi yawanmu Allah ya yi mana sutura da baƙar fata. A ƙasan fatar sama akwai ƙwayoyin da suke sarrafa wani sinadari mai suna melanin, su miƙa wa maƙwabtansu, su kuma su jera shi a saman cibiyar ƙwayar kamar yadda manomi yake kifa malafa a ka. Yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin Bahaushe da Bature, bambancin a yawa da irin melanin da suke fitarwa yake. Zabiya ma yana da su, sai dai ba sa yin melanin, ko kuma ɗan kaɗan suke yi. Gado ne da ke zuwa daga uwa da uba duka biyu, su kansu baƙaƙe ne masu ɗauke da shi a ɓoye, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi zabiya. Na faɗi wannan ne saboda har yanzu akwai gidajen da ake ɗora wa mace laifi, a ce ta yi wanka da tsakar dare ko ta haɗu da iska, har aure ya mutu a kan abin da mijin ma yake da rabi a ciki.

Ranka ya daɗe, duk wanda ya yi aiki a karkara ya san yadda abin yake tafiya. Ana fara shi tun a goyo. Uwa ta ɗaure jariri a baya ta tafi rijiya ko gona, zani ya rufe jiki amma kai da kunnuwa da ƙeya suna waje. Da yamma yaro ya yi ja kamar gauta, yana kuka, a ce ƙuraje ne ko zafi. Yana ɗan shekara goma ƙeyarsa ta riga ta yi kauri ta yi layi-layi irin ta tsoho, leɓen ƙasa kullum a tsage. Yana kai samartaka sai wasu ƙananan tabbai su fito a goshi, a kunne, a bayan hannu. Ido ba ya kama su sosai, sai ka shafa da yatsa ka ji kaushi kamar an barbaɗa yashi. Su ne gargaɗi. A wannan mataki ana iya kashe su cikin ƴan mintoci da ruwan naitrojin mai tsananin sanyi, mutum ya tashi ya koma gida da ƙafarsa. In ɗaya ya fara zama ƙullutu, likita yana iya yanke shi da allurar kashe zafi kawai. In aka bar shi kuma sai ya buɗe ya zama miki.

Na taɓa ganin wani saurayi zabiya, manomi, bai kai talatin ba. Ya shigo da tsumma ɗaure a kunnen hagu, ƙudaje suna bin sa. Da aka kwance, rabin kunnen babu, bakin mikin ya yi tudu ya naɗe waje, tsakiyarsa tana zub da jini da an taɓa. Mahaifinsa ya ce da ɗan ɓawo ya fara, shekara biyu baya. Sun buɗe kafso sun barbaɗa, sun sa toka, sun karɓo rubutu, a wata cibiya ma an yi ta wanke shi ana naɗe bandeji kamar kowane gyambo. Babu wanda ya ce musu mikin da ya wuce wata guda a jikin zabiya bai warke ba, a ɗauke shi ciwon daji ne har sai gwaji ya ce ba shi ba ne. Lokacin da aka faɗa musu, kaluluwa ta riga ta fito a wuya. Suka sayar da awaki suka yi guzuri, bai ga kaka ta gaba ba.

Wanda ciwonsa ya kai haka, sai Yamai, inda aka buɗe sashen gashi, wato ƙona ciwon daji da hasken na'ura, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a 2021. Abin alfahari ne, amma tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne, ga kuɗin mota, ga masauki, ga mai jinya da zai bar gonarsa. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka ya nuna irin wannan ciwon daji na fata yana kama zabaya ninkin-ba-ninkin yadda yake kama sauran baƙar fata, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha faɗin cewa a ƙasashe da dama yawancinsu ba sa kai shekara 40. Ka tambayi kowane dattijo a Zango ko Garin Malam zabaya tsofaffi nawa ya sani, za ka ga ya yi shiru yana lissafi.

Adadinsu bai kai ya gagari jiha ba. Ƙiyasin da ake amfani da shi a Afirka kudu da Sahara shi ne mutum 1 cikin 5,000 zuwa 1 cikin 15,000. Ƙidayar 2012 ta ba jihar nan mutum miliyan 3 da rabi. In aka raba, ana maganar mutum 230 zuwa 700 a wancan lokaci, yau a ƙara wani abu a kai. Gano su ma ba sabon aiki ba ne. Kowace damina ma'aikata suna bi gida-gida suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓi, masu allurar shan inna ma haka. Layi ɗaya za a ƙara a takardarsu: akwai zabiya a gidan nan? Cikin zagaye guda kowane majo, wato shugaban cibiyar lafiya, zai san nasa da sunansu da ƙauyensu.

Maganar man kuwa, duniya ta riga ta share mana hanya. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kariya daga rana cikin jerin magunguna masu muhimmanci, jerin da ƙasashe suke dubawa in za su tsara nasu. Ke nan ya fita daga layin kayan kwalliya. Wanda ake so shi ne mai lamba SPF 50 (SPF ita ce lambar ƙarfin kariyar mai), wanda aka rubuta yana tare UVA da UVB duka. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na UVB, SPF 50 kusan 98, amma sai an shafa da kauri kuma an sake bayan awa biyu ko bayan zufa ta wanke shi. A nan wahalar take. Wanda ya sayi kwalba ɗaya a farmasi da kuɗin da ya fi ƙarfinsa, dangwala zai riƙa yi don ta daɗe, kariyar kuma ta tafi a banza. Shi ya sa rabon da ake yi ranar 13 ga Yuni, ranar zabaya ta duniya da aka fara a 2015, bai wadatar ba. Allah ya saka wa masu yi, amma rana ba ta fitowa sau ɗaya a shekara. A garin Moshi na Tanzaniya an fi shekara goma ana haɗa irin wannan man a cikin gida ana raba wa zabaya, kuma tare da rabon ake duba fata. Mu da muke da jami'ar André Salifou da sashen koyar da likitoci, da babban asibitin ƙasa a cikin gari, ban ga abin da zai hana a fara tunanin haka ba. Kafin nan, ina roƙo ofishinka ya kai maganar ma'aikatar lafiya, a sa man cikin kayan da ake aiko wa cibiyoyi tare da sauran magunguna. Ƙasar nan ta riga ta amince da kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Jaririn zabiya yana cikinsu, kuma a wurinsa wannan man shi ne maganin farko.

A kuma faɗa wa mutane gaskiya a kan man kaɗanya da basilin. Suna tausasa fata, suna hana tsagewa lokacin hunturu, amma kariyar man kaɗanya daga UV ƴar kaɗan ce, basilin kuwa ba shi da ita.

Tufafi sun fi kowane mai aiki, kuma a nan al'adarmu ta taimake mu. Riga mai dogon hannu, dogon wando, rawani irin na Buzaye, hijabi mai kauri, duk kariya ce. Yadin da aka saƙa da matsi ya fi shara-shara, mai duhu ya fi fari, busasshe ya fi jiƙaƙƙe. Malafa tana rufe kunne da ƙeya, wuraren da hular hana-salla take bari a waje. Sai dai in ka ɗaga wata malafar kasuwar Dole ka kalli rana ta cikinta za ka ga haske yana tsiyaya ta ƙofofin saƙar, don haka a sa tela ya yi mata shafi da baƙin ƙyalle a ciki. Wannan aikin ƴan dala kaɗan ne. Inda nake so ka haɗa kai da takwaranka na ilimi shi ne makaranta: a bar ɗalibi zabiya ya sa dogon hannu da malafa ko da kayan makarantar ba haka suke ba, kada a tsai da shi a rana don horo ko hawan tuta, a mai da wasan motsa jikinsa da sassafe, a zaunar da shi gaban allo saboda raunin gani. A ajin zana kuwa, a duba inda rana take ratsowa. Yaron da bai ga allo ba shi ne yake barin makaranta, wanda ya bar makaranta kuma gona ko talla ko bara ce take jiransa, duka a tsakar rana. Yawancin mikin da na gani, daga benci na baya ya samo asali.

Akwai kuma waɗanda Allah ya ba melanin suke biyan kuɗi a cire musu. Man bilicin ya cika kasuwanni, wasu a kwalba, wasu haɗin gida a roba babu ko suna. Abin da ke ciki sananne ne. Haidrokinon yana hana fata yin melanin. Kortikoyid mai ƙarfi, wanda asalinsa maganin cutar fata ne na ƴan kwanaki, yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa mai faɗi a damtse da cinya, ya buɗe ƙofa ga makero da ƙuraje, in an daɗe ya taɓa hawan jini da suga. Zaiba kuma tana lalata ƙoda. Mai shafawa ta tuɓe rigar da ke kare ta, sannan ta fita cikin wannan rana tamu. Sakamakon a fuska ake ganin sa: kumatu da gefen ido su yi ja da farko, daga baya su rikiɗe su yi baƙi mai shuɗi-shuɗi da ba ya fita, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, tafin hannu fari. Ta ga baƙin sai ta ƙara mai, man ya ƙara baƙin. Duk wanda ya taɓa ɗinke irin wannan fata bayan tiyatar haihuwa ya san yadda zare yake yaga ta. Kodebuwa ta hana waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ta bi sahu, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Minamata kuma ta haramta zaiba a kayan shafa. Ni ba na goyon bayan a riƙa zagin matan nan a rediyo, domin maza ne suke yaba farar amarya, wasu mazan ma yanzu suna shafawa. Ungozoma a ɗakin awon ciki ta fi mai wa'azi damar faɗa wa mace abin da man yake yi mata da abin da ke cikinta.

Sauran jama'a, ƴan kabu-kabu da ƴan garuwa da magina da makiyaya da masu lambu a Mirya da Gidimuni, haɗarin ciwon daji na fata a wurinsu kaɗan ne, bai kamata a tsorata su ba. Idonsu ne abin dubawa, domin melanin na fata ba ya kare shi. Jan naman nan da yake tsirowa daga gefen ido yana rarrafawa zuwa baƙin, hasken UV da ƙura da iska ne suke kawo shi, kuma hasken yana cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido. Tabarau mai tare UV ya fi wanda baƙi ne kawai, domin baƙin gilashi mara kariya yana sa ƙwayar ido ta buɗe, haske ya ƙara shiga. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2023 ya ce mutum biliyan 1.6 ne suke aiki a rana a 2019, kuma kusan 19,000 sun mutu a shekarar da ciwon daji na fata ta dalilin aikin. A baƙar fata, tsohon tabon ƙuna ko gyambon ƙafa da ya shekara yana ruwa shi ma yana iya rikiɗewa, haka baƙin tabo mai girma a tafin ƙafa, ko da yake wannan na ƙarshe ba rana ce take kawo shi ba. Ma'aikata kuma su riƙa tunawa cewa wasu magungunan da muke rubutawa kullum, irin su doksisiklin da kotrimoksazol, suna sa fata ta ƙi jure rana.

Kada wani ya fahimce ni a kan cewa rana abokiyar gaba ce. Da UVB ɗin nan fata take yin bitamin D mai ƙarfafa ƙashi, baƙar fata ma ta fi buƙatar lokaci kafin ta yi isasshe. Matar da ke kulle da jaririnta, ɗan zama a tsakar gida alheri ne a gare su. Saƙon da za a ba gidan da ke da zabiya dabam ne da wanda za a ba gidan da babu, kuma ma'aikacin da ya cakuɗa su zai yi ɓarna.

Game da horo, ba na neman a kawo likitan fata kowace gunduma, na san ƙarancinsu a ƙasar baki ɗaya. Majo ko ungozoma za su iya koyon gane tabon gargaɗi cikin ƴan kwanaki: a cire hula da ɗankwali, a duba fatar kai da bayan kunne da leɓe da ƙeya da bayan hannu, a shafa da yatsa, a ɗauki hoto da waya a aika wa likita a Zinder. Sau biyu a shekara wata ƴar tawaga da tulun naitrojin ta zagaya Magarya, Matamai, Mirya, Tanut da Gure, a sanar da ranar a rediyo da bakin masu gari, a haɗa ta da ranar kasuwa don a sami mota. Gidajen rediyon da suke karanta hasashen ruwan sama su ƙara lambar UV ta ranar, tun da ana samun ta kyauta a manhajar SunSmart Global UV da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2022. Zabaya kansu da ƙungiyoyinsu a sa su gaba a wannan aiki, domin uwar da ta ƙi jin maganar mai farar riga takan saurari babban zabiya da ya tsaya gabanta da malafarsa da fatarsa lafiya lau.

In ba za a iya komai a bana ba, a fara da takarda guda daga ofishinka zuwa ga kowace cibiya, mai cewa duk mikin da ya kai wata ɗaya a jikin zabiya a turo mai shi babban asibiti a makon, kada a ci gaba da naɗe shi. Wannan ba ya buƙatar kasafi, sa hannunka kawai yake jira, kuma zai fi kyau ta isa ƙauyuka kafin Afrilu.

Allah ya taya ka riƙo. Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jinya,
Unguwar Birni, Zinder.